Shin CDN Zai Magance Nauyin Shafina?

Tambaya: Ina da shafin labarai da hotuna na Hausa da na gina a kan WordPress. Masaukin da na kama wa shafin irin na haɗaka ne mai araha, kuma sabarsu tana Amurka. Yawancin masu karatuna suna Kano, Kaduna, Katsina, Maraɗi da Damagaram, da waya suke shiga, kusan dukkansu daga Facebook suke biyo mahaɗi. Kullum kukansu shafin yana da nauyi, ranar da babban labari ya fashe kuwa sai ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. An ce in sa CDN, wato tsarin sabobi da ke ajiye kwafin shafi kusa da masu karatu. Zai yi maganin abin? Wanne zan ɗauka, kuma dole sai na biya?

Amsa: Zai taimaka, ɗan'uwa, kuma a yadda ka kwatanta lamarin ni ma shawarar da zan ba ka ke nan. Amma ka san abin da za ka ɗauko tun kafin ka taɓa komai, don na sha ganin masu shafi sun kunna CDN da daddare, gari ya waye sun tarar jiya i yau, sai su ce ai duk talla ce. Abin da masu karatunka suke kira nauyi abubuwa uku ne suka cuɗe a idonsu: nisan da ke tsakanin wayarsu da sabarka, yawan kayan da shafin yake jibga wa wayar, da gajiyar ita kanta sabar. Na farko shi ne babban aikin CDN. Na ukun yana iya ɗauke maka shi kusan gaba ɗaya, in ka zauna ka saita shi da hannunka. Na biyun kuwa aikinka ne.

Mu fara da nisa, don a nan mutane suka fi raina lissafi. Hasken da ke ɗauke da bayanai cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kilomita 200 a kowane milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wayar Glo-1 da ta tashi daga Legas ta bi ƙarƙashin teku zuwa Ingila ta kai kusan kilomita 9,800. Zuwa da dawowa a kanta kaɗai milisakan 98 ne, ko da hanya fayau take. Ɗora tafiyar Kano zuwa Legas, ɗora tsallaka teku daga Landan zuwa gaɓar gabashin Amurka wanda shi ma yakan ci kimanin 70, ɗora ɗan jinkirin da ke tsakanin waya da ƙarfen sabis. Ba wuya ka tashi da 200 ko fiye, musamman in sabar tana can tsakiya ko yammacin Amurka.

Da sau ɗaya ake wannan zirga-zirga da da sauƙi. Kafin burauza ta karɓi harafi ɗaya na labarinka, sai ta je ta dawo don buɗe layi da saba, ta sake zuwa ta dawo don kulle layin da makullin HTTPS, sannan a zagaye na uku ta nemi shafin. Fiye da rabin daƙiƙa ya tafi ke nan a gaisuwa kawai, sabar ba ta ma fara aikinta ba. Kuma ko da ta fara aikowa, ba ta zubo komai lokaci guda. A ƙa'idar TCP, wato tsarin aika bayanai a intanet, takan fara da kusan kilobait 14, ta jira a ce ya iso, sannan ta ninka. Kowane jira wani zagayen ne. Shi ya sa za ka ga mutum sabis ɗinsa a cike, bidiyo yana tafiya sumul a YouTube, amma ƙaramin shafinka yana jan ƙafa. Bidiyon kusa yake fitowa, naka kuwa daga bayan teku.

Aikin CDN bai wuce na kamfanin taliya da masana'antarsa take Legas ya buɗe defo a Kasuwar Singa ba. Mai shago a Kurna ba ya jiran tirela, nan zai je ya ɗauko, defon ne yake komawa masana'anta in kaya sun ƙare. Kamfanin CDN yana da sabobi a birane da yawa, suna tsayawa tsakanin mai karatu da sabarka ta asali. Wanda ya fara neman hoto ta birni kaza, a je Amurka a ɗauko masa, a kuma ajiye kwafi. Duk wanda ya biyo baya ta wannan birnin daga kwafin za a ba shi. Gaisuwar buɗe layi da ta makulli su ma a nan kusa ake yin su. Dabarar ta daɗe. Tom Leighton, malamin lissafi a MIT, da ɗalibinsa Daniel Lewin sun kafa Akamai a 1998, Amazon ta fito da CloudFront a 2008, Cloudflare kuma ta fara aiki a 2010 da tsarin kyauta, wanda shi ne ya buɗe ƙofa ga masu ƙananan shafuka.

To amma "nan kusa" ɗin ina ne? Cloudflare tana da sabobi a Legas da Accra, CloudFront ma tana da su a Legas. Sai dai kasancewarsu a Legas ba ya nufin can za a kai mai karatunka. Adireshi ɗaya ake shelantawa daga birane da yawa, kuma yadda kamfanin layin mai karatu ya ƙulla hanyoyinsa ne yake yanke inda za a sauka. In kamfanin layin da na CDN suna haɗuwa a cikin gida, misali a mahaɗar IXPN da aka kafa a 2006 wadda yanzu take da rassa har Abuja da Kano, to zance ya yi kyau. In ba su haɗu ba, sai ka ga an ɗauki mutumin Fagge an kai shi Landan ko Marsai. Kada kuma kusancin Maraɗi da Katsina a taswira ya ruɗe ka. Nijar ba ta da gaɓar teku, ta ƙasashen maƙwabta take samun hanya, kuma ba baƙon abu ba ne bayanai tsakanin ƙasashen Afirka biyu masu iyaka da juna su bi ta Turai.

Ba sai ka yi ta hasashe ba, gwajin minti ɗaya ne. Bayan ka ɗora shafin a Cloudflare, ɗauki wayarka, kashe wayfai, rubuta adireshin shafinka ka ƙara masa /cdn-cgi/trace a ƙarshe. Wasu 'yan layuka za su fito. Nemi wanda ya fara da colo=. Haruffa ukun da ke gabansa lambar filin jirgin sama ce ta birnin da ya amsa maka: LOS Legas, LHR Landan, AMS Amsterdam, MRS Marsai, CDG Faris. Gwada da MTN, gwada da Airtel da Glo, ka sa wani a Damagaram ya gwada da layinsa ya turo maka hoton fuskar waya. Ka maimaita da safe da kuma bayan isha, don hanya takan sauya. Ko da Landan ka gani, kada ranka ya ɓaci. An riga an yanke maka tsallaka teku zuwa Amurka a kowane zagaye.

Yanzu ga inda yawancin mutane suke faɗuwa, kuma nan ne amsar matsalarka ta ranar babban labari. Cloudflare, a yadda take zuwa, hotuna da fayilolin ado da na JavaScript take ajiyewa. Ba ta ajiye shi kansa shafin, wato HTML ɗin da ke ɗauke da rubutun labari. Shi kuwa WordPress ba ya ajiye shafi a shirye. Duk wanda ya shigo sai PHP, harshen da aka rubuta WordPress da shi, ya tashi, ya yi ta tambayar rumbun bayanai, ina labarin, ina sunan marubuci, ina labarai masu alaƙa, ina abin gefe, sannan ya harhaɗa ya miƙa. A masaukin haɗaka an ƙayyade maka yawan irin wannan aiki da za ka yi lokaci guda, don kuna da yawa a kan na'ura ɗaya. Mutum ɗari suka danno tare, layi ya cika, sai ka ga lamba 508 ko saƙon nan na Error establishing a database connection. In ka sa Cloudflare ba ka canza komai ba, abin da zai sauya kawai shi ne fuskar saƙon, wani lokaci ya koma 522 ko 524 da tambarin girgije na Cloudflare.

Ga yadda za ka gane halin da kake ciki. Buɗe wani labari a Chrome a kwamfuta, ta tagar sirri don kada a gan ka a matsayin mai shafi. Danna F12, shiga sashen Network, sabunta shafin, danna layi na farko a jerin. A cikin bayanan da suka zo da amsa nemi cf-cache-status. In ka ga DYNAMIC, ba a ma yi niyyar ajiye shafin ba, kowa Amurka ake kai shi. MISS na nufin an duba ba a samu kwafi ba, an je an ɗauko. HIT shi kake nema. Sabunta sau biyu ko uku. In har DYNAMIC ne yake ta fitowa, rabin amfanin CDN bai iso gare ka ba tukuna.

Hanya biyu ce ta gyara. Ko ka rubuta dokar ajiya da kanka a sashen Cache Rules ka ce a riƙa ajiye shafukan ma, ko ka sayi tsarinsu na APO da suka fitar a 2020 musamman don WordPress, wanda aka sani da dala 5 a wata ga mai tsarin kyauta. Ribar ba ƙarama ba ce. Mu ce ka sa a riƙe kowane labari na minti 10, kuma a cikin mintunan nan mutum 5,000 suka shigo ta Legas. Sabarka sau ɗaya za ta gina shafin, sauran duk daga kwafi. Masaukin nan mai araha da kake shirin gudu daga gare shi sai ka ga ya ɗauki taron da ba ka zata ba.

Sai dai wuƙar tana da kaifi biyu, kuma a nan nake so ka nutsu. Dokar da ta ce a ajiye komai ba ta san kai ne mai gida ba. In ka shiga da sunanka ka buɗe labari, aka ajiye wannan kwafin, duk wanda ya biyo bayanka zai ga baƙin layin nan na masu gudanarwa a sama da sunanka a jiki. Don haka dole dokar ta ware /wp-admin da wp-login.php, ta ware duban rubutun da ba a buga ba, ta kuma ware duk mai ɗauke da kuki, wato 'yar alamar da shafi yake ajiyewa a burauza, wanda sunansa ya fara da wordpress_logged_in. In kana sayar da wani abu ta WooCommerce, kwandon saye da shafin biya su ma a waje. APO yana yin wannan wariyar da kansa, kuma a ganina wannan ne ainihin abin da kake biya, kwanciyar hankali.

Kaifi na biyu shi ne tsohon kwafi. Ka ƙaddara ka buga sanarwar rasuwa da kuskuren suna, cikin minti biyu aka kira ka ka gyara. Kai a wurinka ya gyaru, don sabar asali kake gani. Jama'a kuwa suna ta karanta kuskuren suna turawa, har sai wa'adin kwafin ya cika. Mai shafin labarai ba zai zauna da wannan ba. Ka tabbata akwai fulogin da yake sanar da CDN ya goge kwafi duk lokacin da ka danna sabuntawa, kuma ka gwada shi da idonka kafin ka yarda da shi. Ka kuma bambance wa'adi biyu: na sabar CDN da na burauzar mai karatu. Na farkon kana iya goge shi daga ɗakinka. Abin da ya riga ya kwanta a wayar mutum kuwa ba ka da iko da shi. Saboda haka shafukan rubutu kada ka bar burauza ta riƙe su da daɗewa, shafin farko ma minti ɗaya zuwa biyar ya isa ko a sabar CDN. Hotuna kuwa a bar su wata guda ko shekara, in za ka canza hoto ka ba sabon wani suna daban.

Akwai wani abu da ya shafe ka kai tsaye tunda ka ce daga Facebook mutanenka suke zuwa. Facebook yakan liƙa wa mahaɗi wata doguwar jela da ta fara da fbclid, kuma ta kowa daban ce. CDN da cikakken adireshi yake gane shafi. In jelar ta bambanta, a wurinsa sabon shafi ne. Sai ka ga kai da ka rubuta adireshin da hannu kana samun HIT kana murna, alhali mutum 5,000 ɗin nan kowa MISS yake samu, sabar tana nan tana nishi. APO ya san da wannan jela da irin su utm, yana kau da kai daga gare su. In da hannu kake saitawa, sai ka kula da ita musamman. Kada dai ka ce a yi watsi da duk abin da ya biyo bayan alamar tambaya, don akwatin bincike na WordPress da ?s= yake aiki. In ka rufe ido a kansa, wanda ya nemi labarin zaɓe za a miƙa masa sakamakon wanda ya nemi farashin masara. Gwajin gaskiya shi ne ka bi mahaɗin daga cikin Facebook ɗin kansa ka duba.

Tsofaffin labaran da ba a cika buɗewa ba su kam sukan fita daga ma'ajiya tun wa'adinsu bai cika ba, a ba masu farin jini wuri. Kunna Tiered Cache yana rage wannan, don birnin da bai da kwafi yakan tambayi wani babban birni kafin ya dami sabarka. Kuma tunda ana komawa sabar asali ko ta yaya, ranar da za ka sabunta kuɗin masauki ka tambaya ko suna da saba a Landan, Amsterdam ko Frankfurt. Daga nan yankin sun fi Amurka kusa nesa ba kusa ba. In kamfanin gida ne ma ka tambayi inda na'urar take, don da yawansu dillalai ne, ofis a Najeriya saba a waje.

Mu koma kan nauyi na ainihi. Hoton da ya fito kai tsaye daga kyamarar waya yakan kai megabait 4. A layin da yake ba da megabit 2 a daƙiƙa, abin da ba baƙo ba ne da yamma in ƙarfen sabis ya cika, wannan hoto ɗaya daƙiƙa 16 zai ci, ko da daga bayan gidan mai karatu aka aiko shi. Ka rage faɗinsa zuwa abin da fuskar waya take buƙata, ka mayar da shi WebP, ya dawo kilobait 150, sai ya sauka cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Labarin ɗaurin aure ko hawan sallah mai hotuna 15 ka yi lissafin da kanka. Ban da lokaci akwai kuɗin mutane: gigabait ɗaya hotuna 250 ne kacal na irin wancan girman. Wanda ya lura shafinka yana shanye masa data ba zai yi maka ƙorafi ba, daina zuwa zai yi. WordPress tun 2020 yake jinkirta sauke hotunan ƙasa har sai an gangaro kansu, tun 2021 kuma yake karɓar WebP, amma hoton farko na sama dole ya sauka nan take, kuma yawanci shi ne abin da Google take aunawa a ma'auninta na LCP, wato lokacin da abu mafi girma a fuskar shafi yake ɗauka kafin ya bayyana, inda take son a gama cikin daƙiƙa 2.5.

Haka tallace-tallace. Na AdSense da sauran kamfanonin talla, da bidiyon da ka manna, da akwatin Facebook na gefe, duk daga sabobin wasu suke zuwa, CDN ɗinka ba ya ko ganinsu. Shafin da aka cusa wa talla shida da wani mai tsalle a fuska babu kamfanin da zai sa shi gudu. Wani ƙaramin abu kuma da ya shafi masu rubutu da Hausa: haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin kashin farko na salon rubutun Google Fonts, sai burauza ta sauke fayil na biyu dominsu, a kowane salo da kowane kauri. In rigar shafinka tana kiran salo uku, ka rage zuwa ɗaya wanda ka tabbata yana da haruffan nan, ko ka bar wayar ta yi amfani da nata.

Wanne za ka ɗauka? Fara da tsarin kyauta na Cloudflare. Ba ya ƙirga maka gigabait, yana ba ka takardar HTTPS, yana magana da sababbin hanyoyi irin HTTP/3 wanda ya fi jure layin waya mai yankewa, ga shi ba ka da ciwon kan biyan dala da katin naira. Sharaɗinsa shi ne ka miƙa masa ragamar DNS ɗinka, wato tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshin sabarsa, kuma kada ka mayar da shi wurin watsa bidiyo, dokarsu ta hana. Bidiyo ka bar shi a YouTube. Bunny, wani kamfani na ƙasar Sulobeniya, da CloudFront suna caji ne bisa yawan abin da aka sauke, kuma farashin Afirka ya fi na Turai tsada, don haka ka duba layin Afirka a jadawalinsu, kada ka tsaya a babbar lambar da ke saman talla. In sabarka LiteSpeed ce, fulogin ɗin LiteSpeed Cache yana tafiya da nasu CDN mai suna QUIC.cloud wanda ya iya ajiye shafukan WordPress. Jetpack ma yana da na hotuna kyauta. Akamai da Fastly ka bar wa manyan gidaje. Abu ɗaya da zan hana ka shi ne ka tara biyu ko uku a kan juna, kowa yana ajiye kwafin ɗan'uwansa, ranar da abu ya lalace ba ka san ƙofar da za ka buga ba.

Wurin saitin makulli za a nuna maka Flexible, Full da Full strict. Ɗauki na ƙarshen, bayan ka tabbata sabarka tana da takarda mai aiki, ko da ta Let's Encrypt ce ta kyauta. Flexible yana kulle hanya daga mai karatu zuwa Cloudflare ne kawai, daga can zuwa sabarka a buɗe, kuma shi ne yake jawo shafi ya yi ta juyawa yana tura kansa ga kansa har burauza ta gaji. A jerin DNS kuwa, girgije mai ruwan lemo na nufin ta cikin CDN ake bi, mai ruwan toka na nufin kai tsaye. Layukan imel a toka za su zauna, in ba haka ba wasiƙu su daina shigowa. Ka sani dai in imel ɗin a kan sabar shafin yake, wannan layin yana tona adireshinta na asali ga mai neman kai maka hari, abin da mai buga labaran siyasa ya kamata ya sa a ransa.

Kada kuma zumuɗin tsaro ya sa ka tsaurara shinge. Kamfanonin waya sukan haɗa mutane masu yawan gaske a kan adireshin intanet guda, don haka dokar da ta ce a tare duk adireshin da ya yawaita buƙata tana iya rufe wa unguwa guda ƙofa. Masu Opera Mini, waɗanda har yanzu suna da yawa a cikin masu tattalin data, ta sabobin Opera suke iso maka, kuma shafin nan na "tabbatar kai mutum ne" yakan maƙale musu. Yanayin Under Attack na ranar hari ne kawai, in ƙura ta lafa ka kashe shi. Rocket Loader ma, saitin Cloudflare mai jinkirta JavaScript, in ka kunna ka ga menu ko talla sun rikice, shi za ka fara zargi.

Za ka ji masu cewa dogara da kamfani ɗaya haɗari ne, kuma suna da gaskiya. Ranar 8 ga Yunin 2021 wata matsala a Fastly ta kifar da shafukan BBC da Guardian da na gwamnatin Birtaniya na kusan awa guda. Cloudflare ita ma ta faɗi a 2 ga Yulin 2019 na kusan rabin awa saboda doka ɗaya da aka rubuta ba daidai ba. Amma ka auna da sau nawa masaukinka yake faɗuwa a wata. Sannan ka tuna 14 ga Maris ɗin 2024, ranar da wayoyin WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka lalace a tekun da ke kusa da Kodebuwa, intanet ta yi tsamo-tsamo a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. A irin wannan rana abin da yake da kwafi a Legas ba ya buƙatar tsallaka teku. Abin da na fi so ka guje wa shi ne tsohuwar al'adar kiran fayilolin JavaScript daga adireshin wasu da sunan sauri. Tun 2020 Chrome ya raba ma'ajiyar kowane shafi daban, ribar da ake faɗa ta tafi, haɗarin ya rage. A 2024 adireshin polyfill.io ya canza hannu, aka wayi gari yana cusa mugun kod a shafuka sama da 100,000 da suka dogara da shi.

Kafin ka fara, auna labari ɗaya mai hotuna a PageSpeed Insights a ɓangaren waya ka ajiye sakamakon, don ka sami abin kwatantawa. Rage hotunan tukuna, ka sake aunawa, sannan ka zo kan CDN, ta haka za ka san wane gyara ne ya kawo wane sauƙi. Ranar sauya DNS ka ɗauki hoton duk layukan da ke tsohon wurin, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya da waɗanda Cloudflare ta kwaso, don takan tsallake wasu. In DNSSEC, wato ƙarin tsaron DNS, a kunne yake a wurin da ka sayi sunan shafin, kashe shi kafin sauyin, ka mayar bayan komai ya zauna. Sauyin yakan kama cikin 'yan awanni, wani lokaci ya kai kwana ɗaya ko biyu, don haka ka zaɓi daren da ba a jiran sakamakon zaɓe ko ganin wata.